Ƙasa mai zinariya da koko da mai, me ya hana sidi zama wuri ɗaya?

Tambaya: Wani Alhaji mai fataucin albasa a Aboabo, Kumasi, a ƙasar Gana mai kuɗin sidi, ya aiko da wannan: "Ina sayo albasa daga Nijar da sefa, ina sayarwa da sidi. A 2022 littafina ya nuna riba, amma jarina ya ragu. A 2025 aka ce sidi ya farfaɗo, amma kaya bai sauko yadda muka zata ba. Ƙasar da ke da zinariya da koko da man fetur, me ke cin kuɗinta? Da gaske ne masu canji na zango ne ke karya sidi? Kuma yaya mutum zai tsare jarinsa?"

Amsa: Alhaji, sannu da kasuwa, Allah ya ba da sa'a. Bari mu fara da masu canji, tun da su aka fi jifa. Mutumin da ke zaune kan benci a Alabar ko a Nima da 'yar jakarsa ba shi da ƙarfin karya kuɗin ƙasa mai mutum sama da miliyan 30, kamar yadda ƙidayar 2021 ta nuna. Abin da ke wucewa ta hannunsa a wata bai kai abin da mai shigo da jirgin ruwa ɗaya na man fetur yake nema a rana guda ba. Shi dai kamar ma'aunin zafin jiki yake: yana nuna zazzaɓi, ba shi ya kawo zazzaɓin ba. Gaskiya ne idan tsoro ya shiga kasuwa yakan ƙara wa wuta fetur, domin kowa na ɓoye dala yana jiran gobe. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin daga sama yake gangarowa.

Ga yadda abin yake. Gana tana samun mafi yawan dalarta daga abubuwa uku, zinariya da ɗanyen mai da koko (na itace nake nufi, ba namu na kamu da ƙosai ba), sai kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje suke aikowa gida. Duka ukun ɗanyu ake fitar da su ko kusan ɗanyu, kuma ba a Ankara, babban birnin Gana, ake yanka farashinsu ba, a Landan da Niyok ake yankawa. A ɗaya ɓangaren, dubi abin da muke saye da dala: tataccen mai, shinkafa, kaji daskararru, sukari, magani, alkama, kayan gyaran mota, har da gwanjo na kasuwar Kantamanto. Tumatir daga Burkina, albasa daga Nijar, shanu da raguna daga Burkina da Mali da Nijar, waɗannan kuma da sefa. Matatar mai ta Tema ta shafe shekaru tana aiki yau, gobe a rufe, shi ya sa ƙasar da ta fara haƙo mai a filin Jubilee tun Disambar 2010 take fitar da ɗanye tana sayo tatacce. Masana'antar tumatir ta Pwalugu ta daɗe a kwance, ta sukari a Komenda an buɗe ta da biki a 2016 amma ba ta samu raken da za ta ci ba. To duk ranar da buƙatar dala ta fi wadda ke shigowa, sidi ne zai sha wuya.

Wani abu kuma da mutane ba su cika lura da shi ba: ba duk dalar zinariya da mai ce ke shiga hannun Gana ba. Manyan ma'adinan Obuasi da Tarkwa, da filayen mai na teku, kamfanonin waje ne ke da kaso mafi girma a cikinsu. Ƙasa tana karɓar haraji da kuɗin haƙar ma'adinai da ɗan hannun jarinta, sauran kuma hakkin masu jari ne, doka ta ba su damar riƙe wani kaso a waje. Saboda haka idan ka ji an ce an fitar da zinariyar biliyoyin dala, kada ka ɗauka biliyoyin sun sauka a Babban Bankin Gana.

Wannan ɓangare ɗaya ke nan, kuma tsoho ne, tun zamanin Nkrumah ake fama da shi. Ɓangaren da ya fi cizo a 'yan shekarun nan shi ne bashi.

Harajin da gwamnati ke tarawa bai wuce kusan kashi 13 zuwa 14 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, kuma wannan kaɗan ne ko a ma'aunin ƙasashen da ke sahunta. Daga cikinsa za a biya albashin ma'aikata, a biya kuɗin ruwan bashi, a ware wa asusun da doka ta tilasta, irin na ilimi da na inshorar lafiya da na gundumomi. Kafin a zo kan hanya da asibiti da magudanar ruwa, tukunya ta kusa ƙarewa. Sai a ranta. A farkon shekarun 2000, zamanin Kufuor, Gana ta shiga shirin yafe wa ƙasashe matalauta bashi, aka share mata kaso mai yawa. Da allo ya fita tas, a 2007 ta fara sayar da takardun bashi na dala a kasuwannin Turai, na farko dala miliyan 750. Daga 2013 abin ya zama kusan na kowace shekara. Daɗin wannan bashi shi ne ba ya zuwa da sharuɗɗa, kuma ranar da dalar ta sauka sidi yakan yi ƙarfi, kowa ya yi murna. Illarsa kuwa, da dala za a biya, ga kuɗin ruwa mai tsada. Aka wayi gari ana rantar sabo don a biya tsoho. Muddin masu ba da rance suna bayarwa, ba wanda zai ga ramin.

A farkon 2022 suka daina bayarwa. Kuɗin ruwa ya tashi a Amurka, yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin mai da alkama da taki, kamfanonin da ke auna ƙarfin biyan bashi suka rage wa Gana maki, ga kashe kuɗin korona da na zaɓen 2020 bai huce ba. Gwamnati ta koma wajen babban banki yana ba ta sidi don ta rufe giɓi, wato ana ƙara yawan sidi a kasuwa ba tare da an ƙara kaya ko dala ba. Dalar da ta fara shekara a wajen sidi 6 ta haura 14 a watan Nuwamba. Hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba. A wannan watan ne gwamnati ta ce ta dakatar da biyan mafi yawan bashin waje, ta kuma kira masu takardun bashinta na cikin gida, bankuna da asusun fansho da ɗaiɗaikun mutane, su karɓi sababbin takardu masu ƙaramar riba da dogon wa'adi. Tsofaffi 'yan fansho sun yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi saboda wannan. Babban banki da kansa ya bayyana asarar sidi biliyan 60.8 a shekarar. A Mayun 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya amince da rancen dala biliyan 3, karo na 17 da Gana ta je ƙofarsa. Lambar nan ta 17 ita ce ya kamata a tsaya a kai: gwamnatin soja ta je, ta farar hula ta je, jam'iyyar NDC ta je a 2015, jam'iyyar NPP ta je a 2022. Wanda ya ce maka cutar ta jam'iyya ɗaya ce, ƙuri'arka yake nema.

Me ya sa ake maimaitawa? Dubi kalanda. Tun 1992 ana zaɓe duk shekara huɗu, kuma jam'iyyun biyu suna kusa da juna a yawan ƙuri'u, ga shi wanda ya ci ya cinye duka: shugaban ƙasa ne ke naɗa ministoci, da shugabannin hukumomi, har da shugabannin gundumomi da birane. An shirya ƙuri'ar raba gardama a Disambar 2019 da ta shafi zaɓen ƙananan hukumomi, aka soke ta kafin ranar. Wanda ya san faɗuwa na nufin shi da mutanensa su fita daga komai, zai buɗe baitulmali a shekarar zaɓe. A 2012 giɓin kasafin kuɗi ya haura kashi 11 cikin 100 na arzikin ƙasa, a 2020 ma haka, alhali an yi doka a 2018 cewa kada ya wuce kashi 5, aka jingine dokar da sunan korona. Bayan zaɓe sai 'yan kwangila su taso da takardun bashin da ba a sa a kasafi ba, sabuwar gwamnati ta tsayar da ayyukan tsohuwa ta fara nata, duk da cewa sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a ci gaba da ayyukan da aka gada gwargwadon iko. Kowane gini da ka gani ciyawa ta cinye, bashi ne da ake biyan kuɗin ruwansa ba a mori komai ba. A nan dai dole a yi adalci: wannan gasa ce ta kawo inshorar lafiya a 2003 da karatun sakandare kyauta a 2017, kuma mulki ya sauya hannu lami lafiya a 2001 da 2009 da 2017 da 2025, abin da maƙwabta da yawa ba su samu ba. Matsalar ita ce ana yin alkawari kafin a nemo inda kuɗinsa zai fito.

Akwai ramuka biyu da suke shan kuɗi a ɓoye. Na farko wuta. Lokacin dumso, wato yawan ɗauke wuta, tsakanin 2012 da 2016, an rattaba hannu da kamfanonin samar da wuta masu zaman kansu kan yarjejeniyar da ta ce ko an sha wutarsu ko ba a sha ba sai an biya, kuma da dala ake lissafi. Kamfanin rarraba wuta kuwa da sidi yake karɓa, kuma wani kaso mai yawa na wutar yana ɓacewa a tsofaffin wayoyi da satar wuta da ma'aikatun gwamnati da ba sa biya. Duk lokacin da sidi ya faɗi, giɓin ya ƙaru, baitulmali ya cika. Shi ya sa kake ganin ana ƙara kuɗin wuta kusan duk wata uku.

Na biyu koko. Hukumar koko, COCOBOD, tare da gwamnati ke yanka farashin da za a biya manomi, kuma hukumar ta saba sayar da amfanin shekara tun kafin a girbe, ta karɓi rance daga bankunan waje a kan wannan alkawari. Tsarin yana tafiya idan amfani ya zo yadda aka ƙiyasta. A kakar 2020 zuwa 2021 an samu sama da tan miliyan ɗaya. Shekara uku bayan nan ya faɗo zuwa kusan rabin haka, saboda cutar kumburin reshe, da tsufan itatuwa, da sauyin damina, da galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ta cinye gonaki. Sai ga farashin duniya ya haura dala 10,000 kan tan a 2024, amma an riga an sayar da na Gana da araha, har ba a iya cika alkawarin ba aka ɗaga shi zuwa kaka ta gaba. Manomi da ya ga abin da ake biya a ƙetaren iyaka ya fi, buhunsa mai kilo 64 ya bi dare ya tafi Kodebuwa ko Togo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Galamse kuwa tana kawo dala yau, amma je ka dubi ruwan kogunan Offin da Pra da Ankobra da Birim, sun koma kamar kunu. Kuɗin tace ruwan sha yana ƙaruwa, ƙasar noma tana mutuwa, wannan ma bashi ne, sai dai ba a rubuta shi a littafin ma'aikatar kuɗi ba.

Yanzu mu zo kan littafinka, domin nan ne gizo ke saƙa. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, ba ta motsi daga nan. Saboda haka kai ba dala kaɗai za ka riƙa kallo ba, yuro ne ubangidanka. A farkon 2022 sefa 1,000 tana wajen sidi 10. Kafin ƙarshen shekara ta haura 20. Ɗauki misali da lambobi masu sauƙi, mu ajiye kuɗin mota gefe. Kana da jarin sidi 100,000, sefa 1,000 tana sidi 20, ka samu sefa miliyan 5. A ce buhu sefa 20,000 ne a Galmi ta Nijar, ka ɗauko buhu 250. Ka sayar, ka ɗora ribar kashi 15, kuɗinka ya zama sidi 115,000. Littafi ya ce ka ci 15,000. Amma kafin masu bashi su gama biyanka, sefa 1,000 ta koma sidi 25. Kuɗinka gaba ɗaya, uwa da riba, sefa miliyan 4.6 zai saya, wato buhu 230. Ka yi asarar buhu 20, kuma idan ka riga ka ɗebi "ribar" ka yi cefane da kuɗin makaranta, ragowar 100,000 buhu 200 kaɗai zai ɗauko. Haka jari ke narkewa mutum yana ganin yana ci gaba.

Maganin farko shi ne ka daina ƙirga jarinka da sidi. Ƙirga shi da buhu, ko da sefa. A saman kowane shafi rubuta: na fita da buhu kaza. Riba ita ce abin da ya rage bayan ka ware kuɗin da zai sake ɗauko wannan adadin a farashin yau, tare da kuɗin mota, da na iyaka, da na shingayen hanya, da na masu sauke kaya, da la'ada, da abin da ya ruɓe. Kada ka manta da ramewar albasa: buhun da ya kwana biyu a rumfa nauyinsa raguwa yake, ga wadda za a tsince a zubar, musamman idan mota ta makale a hanya cikin zafi ko ruwa ya taɓa ta. Auna buhu goma ranar sauka, ka sake auna su bayan mako biyu, za ka san kason da za ka riƙa sakawa a farashi maimakon ƙiyasi. Kuma farashin sayarwa a ɗora shi kan abin da za ka biya ka sayo gobe, ba kan abin da ka biya jiya ba.

Na biyu, bashin da kake bayarwa. A lokacin da kuɗi ke zaune wuri ɗaya, ba wa mai sari wata guda ba komai ba ne. A lokacin da sidi ke zamewa, kowane mako da kuɗinka ya yi a hannun wani, kai ne kake biyan faɗuwar. Rage wa'adi zuwa mako ɗaya ko kwana goma, ko ka yi farashi biyu a fili, na hannu da na bashi, a yi yarjejeniya tun farko. Kuma kuɗin da ya shigo, kason da na jari ne a mayar da shi sefa ko kaya da wuri, kada a tara shi sai ranar tafiya. Sai dai a kula: dokar musayar kuɗin waje ta 2006 ta haramta canji ba lasisi, ta kuma hana sanya farashin kaya da dala a cikin ƙasa. Banki ko ofishin canji mai lasisi zai nemi katin Gana ya ba ka rasit, kuma rasit ɗin nan shi ne zai cece ka idan aka tsayar da kai da kuɗi a iyaka. Kuɗi mai yawa kuma a bayyana shi ga kwastan, kada a ɓoye a cikin buhu.

Amma wannan shawarar tana da ɗaya gefen, kuma 2025 ta koya wa mutane shi. Wanda ya sayi dala a sidi 15 ko 16 ya ɓoye, ya zo ya ga ta sauko ƙasa da 11 a tsakiyar shekarar, ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku. Don haka sayen sefa don ɗauko kaya daban, ajiye ta don caca da farashi daban. Riƙe abin da zai ishe ka tafiya ɗaya ko biyu, shi ke nan.

Me ya ɗaga sidi a 2025? Farashin zinariya ya haura dala 3,000 kan oza, gwamnati ta kafa hukumar zinariya da ke sayen ta ƙananan masu haƙa don dalar ta bi ta babban banki, an kammala sasantawa da masu takardun bashin dala na kusan biliyan 13 a Oktoban 2024 inda suka yafe kashi 37 cikin 100, gwamnati ta matse kashe kuɗi, dala kanta ta yi rauni a duniya, babban banki kuma ya samu abin da zai zuba a kasuwa. Ka lura, cikin waɗannan babu wanda ya ce mun daina sayo shinkafa ko kaji ko mai daga waje. Zinariya ce ta yi tsada, bashi kuma aka ɗaga. Manyan biyan takardun cikin gida da aka sauya suna zuwa a 2027 da 2028, kuma 2028 shekarar zaɓe ce. Ba ina cewa sidi zai faɗi ba ne, ina cewa tsugune ba ta ƙare ba.

Batun kaya bai sauko ba kuwa, akwai rashin fahimta a ciki. Idan aka ce hauhawar farashi ta ragu daga kashi 54 zuwa ƙasa da 10, ba ana nufin kaya ya yi araha ba ne. Gudun tashinsa ne ya ragu. Motar da ke gudun 120 ta koma 30 har yanzu gaba take yi. Kafin farashi ya sauko sai an sayar da tsohon kayan da aka shigo da shi da tsada, kuma ba duk kuɗin da ke cikin buhu ne na dala ba. Hayar shago, da mai gida ke neman na shekara biyu gaba duk da dokar haya ta 1963 ta ce kada ya wuce wata shida, ba ta sauko ba. Wuta da ruwa sun ƙaru. Kuɗin ruwan banki, wanda ya bi na babban banki da ya kai kashi 30 a 2023, a hankali yake saukowa. Wasu abubuwa sun sauko: man fetur ya ragu, ƙungiyoyin direbobi sun rage kuɗin mota da kashi 15 a Mayun 2025, an kuma soke harajin tura kuɗi ta waya da aka fara a 2022. Sauran kuwa, mu faɗa wa juna gaskiya, ɗan kasuwar da ya ƙone a 2022 ba ya gaggawar rage farashi, kuma inda ƙungiya ɗaya ke riƙe da ƙofar kasuwa, ko ta albasa ko ta tumatir, farashi ya fi saurin hawa da sauka. Albasa ma tana da nata dalilai da ba ruwansu da sidi: juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakokin da ya biyo baya, rashin tsaro a gabashin Burkina, rikicin sarauta na Bawku a arewacin Gana da ke sa direbobi zagaye, da ficewar Nijar da Mali da Burkina daga ECOWAS a Janairun 2025. Kowane zagaye man dizal ne da kwana, kowane kwana ruɓa ne.

Inda za ka ajiye abin da ya rage, a nan ma an sha wuya. Tsakanin 2017 da 2019 babban banki ya rufe bankuna da dama, ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a Mayun 2019, da wasu kamfanonin ajiya da rance 23 a Agustan shekarar. Mutanen zango da yawa kuɗinsu ya makale shekaru. Duk wanda ya yi maka alkawarin ribar kashi 7 ko 10 a wata, ko da sunan zinariya ko da sunan intanet, da kuɗin wanda ya zo bayanka zai biya ka, har ranar da layi ya yanke. Babban banki yana wallafa sunayen masu lasisi, a duba kafin a ajiye. Kuma a san cewa inshorar ajiya da dokar 2016 ta kafa ta fara ne da iyakar sidi 6,250 ga mai ajiya a banki, da 1,250 a ƙananan kamfanoni, wato ba ta rufe jarin ɗan kasuwa ba. Raba kuɗi wuri biyu ya fi. Susu, wato adashi, yana da amfani don tilasta wa kai tari, amma a shekarar da farashi ke gudu, mai kwasar ƙarshe ya karɓi kuɗin da ya rame. Rance kuwa, idan aka ce maka kashi 5 a wata, kashi 60 ne a shekara, kuma idan kana biya duk mako alhali ana lissafin ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya, ainihin abin da kake biya ya kusa ninka haka. Hukuncin kuɗin ruwa a addini na malamai ne, su za ka tambaya. Ta fuskar lissafi kaɗai, albasa ba ta ba da ribar da za ta ɗauki wannan. Haɗa jari da wani a raba riba da asara, a rubuta a gaban shaidu, ya fi sauƙi a kan mai fatauci.

Akwai abin da ya shafe mu 'yan zango musamman. Kakanninmu sun zo fataucin goro ta Salaga tun kafin a zana iyakar nan, amma dokar korar baƙi ta 1969, zamanin Busia, ta bar tsoro: mutane da yawa suka ƙi yin takarda, suka ƙi sayen fili da sunansu, suka ƙi banki. Yau lambar katin Gana ita ce lambar haraji, da ita ake rajistar layin waya da asusun banki. Ɗan kasuwar da ba shi da rajistar kasuwanci, kuɗinsa ba ya bi ta asusu, ba shi da hujjar da zai nuna girman cinikinsa, ko banki ko gwamnati ba su san da shi ba sai ranar karɓar kuɗin rumfa. Yi wa kasuwancin rajista, a bar ciniki ya riƙa bi ta asusu ɗaya, a yi wa yara takardar haihuwa da wuri. An kafa asusun raya zango a 2017, amma abin da ya fi shi tasiri a kan magudanar Aboabo da Asawase shi ne kasafin majalisar gunduma, wadda tsarin mulki ya ce a ba gundumomi akalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Ɗan majalisar unguwa yana zaune cikinku, ƙungiyar 'yan albasa tana da ikon tambayarsa nawa ya shigo, ina aka sa shi. Wannan ya fi amfani da ba da samarinmu su zama 'yan bangar siyasa, aikin da dokar 2019 ta sa masa ɗaurin shekaru.

Alamomin da za ka riƙa bi ba su da yawa. Farashin mai yana sauyawa sau biyu a wata, ranar 1 da ranar 16, kuma kuɗin mota yana bin sa. Hukumar ƙididdiga tana fitar da hauhawar farashi duk wata. Ministan kuɗi galibi yana karanta kasafi a Nuwamba, ya dawo da gyara a Yuli. Idan ka ji ribar takardun bashin gwamnati na kwana 91 tana hawa mako bayan mako, gwamnati na cikin matsi, sidi zai ji a jikinsa. Idan tazarar farashin dala tsakanin banki da kasuwa ta fara faɗi, dala ta yi ƙaranci. Daga Satumba zuwa Nuwamba masu shigo da kayan Kirsimeti suna neman dala, sidi yakan yi laushi; idan tafiyarka ta faɗo a wannan tsakanin, sayi sefarka tun a Agusta, kashi-kashi, kada ka jira makon tashi.